Hoton tunawa: a kai mutum situdiyo, ko a kawo mai hoto gida?

Sau biyu muka ɗauki Inna hoto a cikin shekara guda, kuma wanda bai san ta ba zai rantse mata biyu ne. Na farko a wani situdiyo ne a cikin gari, washegarin ƙaramar Sallah. Ƙanwata ce ta matsa, ta ce duk gidan nan babu hoton Inna na kirki in ban da fasfon da aka yi mata lokacin tafiya Makka. Aka yi mata kwalliya, ta sa leshi mai nauyi da sarƙar da ba ta fitowa daga akwati sai ranar biki, aka zaunar da ita kan wata kujera mai ruwan gwal a gaban labule. Yaron da ke riƙe da kyamarar yana da ladabi, ba laifi. "Hajiya, a ɗan ɗago kai. Yauwa. A ɗan yi murmushi." Ba mu yi minti ashirin ba muka fito, don 'yan mata sun yi layi a waje suna jira. Da hoton ya zo bayan kwana uku, Inna ta riƙe shi nesa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan baiwar Allah 'yar wane gari ce?" An goge mata tsagar kumatu, an share layukan goshi, an ƙara mata hasken da ko tana budurwa ba ta da shi.

Na biyu a gida aka yi, cikin hunturu. Wata mai hoto ta zo da hantsi, ta zauna kan tabarma, aka kawo mata kunu ta sha, suka yi ta hirar kuɗin gero da ciwon gwiwa. Sai da aka kusa awa guda kafin ta zaro kyamara daga jaka. A hoton da ya fito, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta da faifai a cinya, haske ya faɗo mata ta gefe guda, bakinta a ɗan buɗe domin ana tsakiyar ba da labarin yadda babanmu ya ɓata a kasuwar Kurmi yana saurayi.

Wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, a kawo mai hoto gida kawai. Ni ma haka na ɗauka da farko, amma abin bai kai nan da sauƙi ba. Kowane allazi da nasa amanu, kuma tambayar da ya kamata mutum ya fara amsa wa kansa ita ce: me yake so hoton ya riƙe masa? Yadda mutumin yake so duniya ta gan shi, ko yadda mutanen gida suka san shi?

Babban abin da situdiyo ya fi gida da shi shi ne iko a kan haske. Mai hoton da ya san aikinsa yana da fitilu biyu ko uku, yana matsar da su yadda ya ga dama, babu ruwansa da rana ko hadari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga irin suturarmu. Ka ɗauki dattijo baƙi wanda ya sa farar babbar riga da farin rawani: kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuskar ta nutse cikin duhu, in kuma aka ƙara don fuskar ta fito, aikin da ke wuyan rigar, wanda aka biya kuɗi mai yawa a kansa, ya ɓace cikin fari fat. A situdiyo ana iya ba fuska nata hasken daban, a kare rigar. Haka shadda mai bugu, wadda ke walƙiya kamar madubi in filasha ya buge ta kai tsaye, tana bukatar haske mai faɗi da taushi ta gefe. A tsakar gida ma ana iya yi, sai dai da wahala da dabara.

Abu na biyu shi ne bango. Labule mara komai yana kawar da duk abin da zai janye ido. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Mafi yawansu ta baya ko ta gefe ya ɗauka, a gaban bango fili, ba kujera ba fure. Da akwai bokiti ko igiyar shanya a bayan matan nan, da ba wanda zai tsaya ya ga cewa kitson kansa gini ne. Duk wanda abin da yake so a gani shi ne fuska tsantsa, ko ɗauri, ko lalle a hannu, ko aikin hula, to bango fili abokinsa ne.

Akwai kuma wani abu da masu kushe situdiyo ba sa lura da shi. Suna cewa hoton situdiyo ƙarya ne, mutum ya ari kujera, ya ari fure, ya tsaya yadda ba ya tsayawa. To amma burin mutum ai wani yanki ne na mutumin. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da kwat da babur don masu zuwa su ara. Saurayin da ya dafa rediyon da ba nasa ba, yau in ka kalle shi, kana ganin abin da matasan Bamako na wancan zamani ke mafarki. Samuel Fosso kuma, wanda ya tashi a Najeriya, bayan yaƙin basasa ya koma Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya buɗe situdiyonsa a 1975 yana ɗan shekara 13. Da dare, in masu ciniki sun watse, sai ya sa kayan gayu ya ɗauki kansa da ragowar fim don ya aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana lafiya. Wa zai ce waɗannan hotuna ba su fito daga zuciya ba don kawai a gaban labule aka yi su? Wanda ya gama karatu, wadda za a kai ɗakin miji, wanda aka naɗa wa rawani, suna da haƙƙin a gan su a ranar da suka fi kowace rana cika.

Inda situdiyo ke faɗuwa shi ne lokaci. Sana'a ce ta yawan ciniki, kuma fuskar ɗan Adam ba ta sakewa cikin minti goma. Duk wanda aka ɗora kan kujera, aka haska masa fitila, aka ce ya yi murmushi, fuskar fasfo yake bayarwa: ido a zare, kafaɗa a ɗage, leɓe a ja. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da ke jiran a ce "shi ke nan" ba ta da labarin da za ta bayar. Ga dattawa abin ya fi tsanani, domin ga hawa bene, ga sanyin na'ura, ga yaro sa'an jikansu yana ba su umarni.

Sai gyaran kwamfuta, wanda shi ne ya ɓata mana hoton Inna. A nan sai an yi adalci: ba laifin ɗakin ba ne, ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, kuma masu ciniki da yawa su ke neman ta. Matsalar fitar da baƙar fata a hoto ma ta girmi kwamfuta. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi a lokacin, saboda haka fatar da ba ta yi kama da tata ba sai yadda ta fito. Kyamarorin yau sun wuce wannan, suna iya fitar da baƙi da wankan tarwaɗa da ja kowanne da kyansa. Abin da ya rage shi ne hannun mai gyara da abin da ya ɗauka kyau ne. Maganinsa a faɗa tun kafin a zauna: kada a ƙara haske, kada a taɓa tsaga, kada a share tamoji, ƙurjin da ya fito jiya a cire, abin da mutum ya shekara hamsin da shi a bar masa. Mu ba mu faɗa ba, don ba mu san ana faɗa ba.

A gida kuwa, abu na farko da ke canzawa ba haske ba ne, matsayi ne. A situdiyo Inna baƙuwa ce, ana gaya mata inda za ta sa hannu. A tsakar gidanta ita ce mai masauki, mai hoto ce baƙuwa, ita ake ce wa "sannu da zuwa, a kawo mata ruwa". Mutum a inda yake da iko, zamansa ma daban ne. Hannuwa suna samun abin yi: carbi, faifai, almakashi, allo, rediyon da aka ɗaure da kyauro. Kuma waɗannan abubuwa, da yau ba a ɗauke su bakin komai ba, su ne jikoki za su fi ƙura wa ido nan da shekara talatin. Za su ce, "Kai, ga buzun Malam!" kafin ma su dubi fuskarsa.

Hasken gida kyauta ne, amma yana da sharaɗi. Mafi kyawunsa a gidajenmu shi ne na bakin zaure ko bakin ƙofar ɗaki: mutum ya zauna daga ciki kaɗan, taku ɗaya ko biyu daga inda rana ta tsaya, haske ya shigo ta fuska ɗaya, bayansa ya yi duhu da kansa. Situdiyo ne da magina suka gina ba da saninsu ba. Lokaci kuma daga fitowar rana zuwa hantsi, ko la'asar sakaliya. Wannan na yamma gajere ne ƙwarai a wajenmu, domin Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa kusan a miƙe, kafin ka gyara zaman hula an kira magariba. Tsakar rana ba ta da amfani sam: inuwa tana taruwa a ƙarƙashin ido da hanci, gumi yana ƙyalli, mutum yana ƙanƙance ido. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, shi ne babban abokin mai hoto, domin yana tace rana ya baza ta kamar an rufa mata farin mayafi. Sai dai a shafa mai, don fata da leɓe suna bushewa su yi furu-furu.

Tarkunan gida su ma suna da yawa. Inuwar darbejiya tana da daɗin zama, amma hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Bangon da aka shafa wa koren fenti ko shuɗi yana mayar da launinsa kan fata. Ƙwan lantarki a kunne tare da hasken taga yana ba da launi biyu a fuska ɗaya, gara a kashe shi. Ƙuncin ɗaki kuma yana tilasta wa mai hoto ya matso kusa, kuma kusanci shi ke kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunne, irin abin da ake gani in mutum ya ɗauki kansa da waya. Shi ya sa masu hoton fuska suke son gilashin kyamara mai milimita 85 ko kusa da haka, su ja baya kamar mita biyu. In ɗaki bai ba da wannan fili ba, sai a koma ga mai milimita 35, a ɗauki mutum da abin da ke kewaye da shi, a bar fuskarsa wajen tsakiya, kada ta je gefe inda take miƙewa. Sai yara, da maƙwabciyar da ta shigo aron turmi ta tsaya ba da shawara, da akuyar da ta ga faifai. Waɗannan ba a kawar da su, haƙuri ake yi da su, wani lokaci ma su ke kawo dariyar da ake nema.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda ba a cika faɗa ba. Gida rufin asiri ne. Ba kowa ne yake so a ga bangonsa da ya tsage ko ledar ɗakinsa da ta ƙoƙe ba, kuma ba daidai ba ne ɗa da ya dawo daga birni da sha'awar "hoto na gaskiya" ya mayar da talaucin iyayensa abin ado. In mutum ya ce shi a kai shi inda zai sa rigarsa mai kyau ya zauna kan kujera, a kai shi. Haka batun shigar namiji baƙo cikin gidan matan aure. Yanzu akwai mata masu wannan sana'a, a neme su. Wasu dattawan kuma ba sa son hoto gaba ɗaya saboda fahimtarsu ta addini, malamai ma sun yi saɓani a kai. Wanda ya ce a'a, a bar shi, kada a ɗauke shi a sace.

Zaɓi na uku, wato fita waje, ba zan daɗe a kansa ba. Dutsen Dala, ganuwa, marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama, ko lungunan unguwar Birni a Damagaram duk suna da kyau a hoto, kuma matsalar ke nan: wurin yana cinye mutumin. Ga 'yan kallo, ga neman izini a wasu wuraren. Ya dace da matasa masu ƙarfin hali, ko wanda wurin nasa ne da gaske, kamar marinin da hannunsa ya rine da baba. Wanda bai taɓa hawa Dala ba sai ranar hoto, hoton Dala zai samu.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne da na gane cewa wurin Seydou Keïta, wanda duniya ke kira situdiyo, tsakar gida ne. A filin gidansu yake aiki, mafi yawa da hasken rana, kuma labulensa na farko abin shimfiɗar gadonsa ne ya rataya. Fim yana da tsada, don haka galibi sau ɗaya yake latsawa ga kowane mutum. Duk aikin yana cikin kallon da ya yi kafin ya latsa. Ashe ana iya haɗa biyun. A sami inuwa mai faɗi a gida, a rataya zane fili ko saƙi ko atamfa mai natsattsen launi, mutum ya sa kayan da yake alfahari da su, a yi wannan tukuna. In an gama, ya cire sarƙa, ya koma bakin ƙofarsa, a ci gaba da hira kyamara na hannu. Ga dattijon da tafiya ke ba shi wuya, ban san abin da ya fi wannan ba.

Ta fuskar kuɗi, zaman gida ya fi tsada kusan kullum, domin kana sayen rabin yinin mutum ne da kuɗin motarsa, ba minti ashirin ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar iyawa ba ce. Kada a yi hukunci da hotuna goma da mai hoto ya zaɓa ya sa a Instagram. A ce ya nuna aikin zama guda daga farko har ƙarshe, a duba ko yana da hotunan tsofaffi da na baƙaƙe, a duba ko mutanensa sun bambanta ko kuwa duk fuska ɗaya ce da fata ɗaya kamar 'yan tsana. A kuma saurari tambayoyinsa. Wanda ya fara da "wane ne za a ɗauka, me yake yi da safe, me ya sa yanzu?" daban yake da wanda ya fara da "kaya kala nawa za a canza?"

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a gama magana kafin ranar, in da hali a rubuce ko da a saƙon waya ne: hoto nawa za a gyara, za a ba da na asali da ba a taɓa ba ko a'a, kuma mafi muhimmanci, an yarda ya sa su a shafinsa don talla ko ba a yarda ba. Hoton matar aure ba mayafi a ɗakinta, in ya shiga intanet, ba ya dawowa. Wajen karɓa kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci in an tura shi yadda aka saba; a ce a turo shi a matsayin fayil, ko a sa a filas. Lissafin bugawa mai sauƙi ne: ana so ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 8 da 10 yana bukatar ɗigo 2400 da 3000. A buga a takarda, kada a bar shi a waya, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. In za a sa a firam, a sa kwali tsakanin hoton da gilashi, in ba haka ba laimar damina takan manne su, kuma a rataye shi inda rana ba ta bugu.

In aka tambaye ni kai tsaye: hoton wani mataki na rayuwa, ko na sutura da kwalliya, ko na wanda yake jin kunyar gidansa, ko wanda ake bukata cikin gaggawa, situdiyo, tare da gargaɗi a kan gyara. Hoton uwa, ko uba, ko malami, ko mai sana'ar hannu, ko na kanka a lokacin da wani abu ya juya a rayuwarka kana so ka ga yadda ya bar ka, gida, da mai hoton da ba ya duba agogo.

Mu dai daga baya ƙanwata ta koma situdiyon nan ta roƙi na asalin, aka yi sa'a ba su goge ba. Aka buga shi yadda yake, da tsaga da komai, ga leshi ga sarƙa. Muka jera wa Inna shi da na bakin ƙofa muka ce ta zaɓi wanda za a rataya a falo. Ni na gama sakankancewa na faifai za ta nuna. Ta ɗora yatsa kan na situdiyo.

"Inna, ai wancan ya fi kama da ke," na ce.

"Shi ya sa," ta ce. "Wancan naku ne, ku da kuka san ni. Baƙi kuma su ga sarƙata."

Na faifan yana ɗakina yanzu. Yayanmu ya sa an buga masa nasa, autarmu kuma har yau tana cewa nawa ya fi nata fitowa.